Yaranmu Sun San Zaki, Ba Su San Gawo Ba

A Kano, in aka ce maigida zai fitar da iyalinsa shan iska, kusan kowa ya san inda za a dosa da ranar da za a je. Gidan Zoo ne, ranar Sallah ko kashegari. A cika adaidaita sahu da yara cikin sababbin kaya, a yi layin tikiti cikin turmutsutsu, a leƙa zaki da kura da jimina, a ɗauki hoto, kafin magariba an dawo gida a gajiye. Shi ke nan sai wata Sallar. Marigayi Audu Bako, gwamnan Kano na farko, ya yi aikin kirki da ya ware wannan fili a farkon shekarun 1970, lokacin wurin yana bayan gari. Yau gari ya kewaye shi ta ko'ina, har aka taɓa maganar mayar da shi Tiga a zamanin gwamnatin Ganduje. Amma a duk jama'ar da ke tururuwa ciki, da wuya ka ga wanda ya ɗaga kai ya dubi bishiyoyin da yake tafiya a ƙarƙashinsu, alhali ba don inuwarsu ba babu mai iya yini a wurin.

Ra'ayina shi ne manyan garuruwanmu, Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, kowannensu yana buƙatar lambun itatuwa na jama'a, wanda iyali za su riƙa komawa cikinsa a kowane yanayi na shekara. Kuma ya kamata hukuma ta ɗauki wannan buƙata kamar yadda take ɗaukar kasuwa da tasha. Lambun da nake nufi ya bambanta da filin wasa mai lilo da kiɗa. Wuri ne da ake tara itatuwa da tsirrai da gangan, kowanne da allon sunansa, akwai ma'aikatan da suka san daga ina aka samo shi da shekarar da aka dasa shi, akwai kuma gefen da ake renon dashe don irin kada ya ɓace.

Dalilin komawa sau da yawa a fili yake. Zakin da ke cikin keji, yadda ka bar shi a watan Janairu haka za ka tarar da shi a Agusta, yana kwance yana hamma. Gani ɗaya ya isa. Itace kuwa ba haka yake ba. Wanda ya ga kuka a tsakiyar hunturu ya sake ganinta a marka zai rantse ba ita ba ce.

A ɗauki hunturu ɗin. Hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, yara sun sha rigunan sanyi. A lokacin kuka ta kaɗe ganyenta tas, sai 'ya'yanta ke reto a jikin rassa. Gurjiya ma ba ta da ganye ko ɗaya, amma ta cika da jajayen furanni masu kauri, in sun zubo ƙasa sai ta yi ja. Magarya da kanya sun nuna, tsamiya ta fara bushewa a sama, mangwaro ya yi fure yana ƙamshi. Rimi na buɗe furensa da dare, jemagu ne ke zuwa shan ruwan furen suna kai masa barbara daga wannan bishiya zuwa waccan, daga baya kuma 'ya'yansa su fashe auduga ta tashi cikin iska, irin wadda kakanninmu suke cusa wa matashin kai da katifa. Yaron da ya tsinci wannan auduga da hannunsa ba ya buƙatar a zana masa yadda iska ke yaɗa iri a kan allo.

Da bazara ta kawo kai, zafi ya tsananta, ƙasa ta bushe ƙamas, sai wani abin mamaki ya faru wanda mu mazauna birni muka daina lura da shi. Tun kafin ɗigon ruwa ya sauka, itatuwa da dama sai su yi sabon toho, kore shar, saboda saiwoyinsu sun kai inda damshi yake kuma sun ji canjin iska. Ɗorawa ta riga ta rataye jajayen furanninta masu kama da ƙwallo, yanzu ta fitar da dogayen 'ya'ya. A cikinsu akwai garin nan rawaya mai zaƙi, akwai kalwa da ake dafawa a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba ta shafen katanga da daɓe. Bishiya ɗaya, ga abin lasa, ga kayan miya, ga kayan gini. Yarinyar da kullum ake aika ta sayo daddawar hamsin ba ta taɓa sanin daga sama take fitowa ba. A wannan lokaci ne kuma shamuwa ke isowa, manoma su ce ruwa ya kusa.

Damina kowa ya santa da kore, amma ita ma tana da matakai. Farkonta kaɗanya ke zubar da 'ya'ya, a sha, a tara ƙwallon a yi man kaɗe. Kuka ta mayar da ganye, ta sako manyan fararen furanni masu reto waɗanda ke buɗewa da almuru. Tafasa da yaɗiya da rama sun tsiro a ko'ina. Can wajen ƙarshe ɗinya ta yi baƙi, yara su dawo gida da baki da harshe kamar an shafa musu tawada. Sai kaka, ciyawa ta fara ja, ana tsinke ganyen kuka ana shanyawa don miyar shekara, aduwa ta fara nuna.

Na bar gawo a baya da gangan, domin shi ne babban darasin lambun. Yawancin itatuwa suna yin ganye da damina su zubar da rani, shi kuwa gawo akasin haka yake yi. Da ruwa ya sauka sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari fat kamar busasshe, da kaka ta yi sai ya yi kore, ya yi ta ba da inuwa har ƙarshen rani. Manomi ya daɗe da gane amfanin wannan hali. Ganyen da ya zubar a farkon damina taki ne, kuma tunda ba shi da ganye a lokacin ba ya tare wa gero rana, shi ya sa geron da ke gindin gawo ya fi na sauran gona kyau. Yana cikin dangin wake, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, tana kuma nutsawa can ƙasa ta sha ruwan da amfanin gona ba ya kaiwa gare shi. 'Ya'yansa ne abincin awaki da tumaki a lokacin da babu ciyawa. A Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. A yankin Maraɗi kuma, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da suke kira sassabin zamani, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wannan aiki ne na talakawa Hausawa da duniya ke zuwa koyo. Amma ka tara ɗaliban sakandare a Kano ka tambaye su wace bishiya ce ke zubar da ganye da damina, za ka ga yadda za a yi tsit. Labarin gawo ba a gane shi da zuwa ɗaya. Sai yaro ya gan shi a Maris da ganye, ya dawo a Agusta ya gan shi tsirara, sannan tambayar za ta taso masa da kanta.

Abin da ya fi damuna ke nan. Muna tashin yara a unguwannin da ake kira Kurna da Giginyu da Ɗorayi da Durumin Iya, a Kaduna ga Kawo ga Unguwar Rimi, a Zariya ga Ƙofar Doka, amma yawancinsu ba za su iya nuna maka bishiyar da unguwarsu ta ci sunanta ba. Malamin Hausa ya rubuta musu "ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa", su haddace don jarrabawa, ba su taɓa ganin yara sun taru a gindin kuka suna jifan 'ya'yanta ba. A ce musu "inuwar giginya, na nesa ka sha", ba su taɓa tsayawa a gindinta da rana sun ga inda inuwar ta faɗa ba. Ana kiran Sardauna da Gamji, yaro bai san faɗin gamji ba balle ya gane abin da ake nufi.

Dubi yadda gidan birni ya koma. An yanka fuloti, an gine shi har jikin katanga, ɗan abin da ya rage na tsakar gida an malale shi da siminti ko tayil don gudun taɓo. Dā kusan kowane gida akwai ceɗiya ko durumi a ƙofa, ko zogale da lalle a bayan ɗaki. Yanzu mai gini yana ganin bishiya a matsayin abin da zai fasa masa tushen gini. Maigida ya fita tun safe, in ya dawo ya ci tuwo ya tafi majalisa. Uwargida fitarta ba ta wuce biki da suna da gaisuwar rasuwa da asibiti, duka kuwa daga wani ɗaki ne zuwa wani ɗakin. Yara daga boko sai islamiyya, daga nan sai waya ko talabijin in an kawo wuta. Kowa yana ƙoƙari, ban zargi kowa ba, amma a faɗi gaskiya, iyali da yawa sukan yi wata guda ba su zauna wuri ɗaya suna kallon abu ɗaya suna magana a kansa ba. In kuma an ce a fita tare, wuraren da ke akwai duk na kashe kuɗi ne, kanti ko gidan abinci, inda mai 'ya'ya shida zai yi ta lissafi a zuci maimakon ya sake.

Akwai kuma tsohuwa. Gidaje da yawa a birni akwai uwar maigida da aka ɗauko daga ƙauye don a kula da ita. Tana ɗaki, an ba ta abinci, an saya mata magani, amma duk abin da ta sani babu mai buƙatarsa. Jikokinta ne ke koya mata yadda ake amsa waya. Ka kai wannan baiwar Allah cikin lambun itatuwa ka ga yadda al'amari zai juya. Jika ya nuna wani ganye ya ce, "Iya, wannan fa?" ta ce, "Kai ɗan nan, sabara ce ba ka sani ba? Ai ita aka dafa wa uwarka da ta haife ka." Ta nuna masa bagaruwa ta ce da ita majema ke jeme fata, ta nuna masa kirya ta ce ita ake sassaƙa turmi da ita saboda tauri, ta nuna goruba ta ce daga ganyenta ake samun kabar tabarma, ta ce ganyen magarya ake sa wa a ruwan wankan gawa. A ranar ita ce malama, har ɗanta mai digiri zai tsaya yana saurare. Ban san wani wuri a birni da zai mayar wa tsofaffinmu wannan girma a gaban jikokinsu ba.

Wani zai ce ai ƙauye na nan, a kai yaran hutu su gani. Dā haka ake yi, kuma da haka yawancinmu muka san abin da muka sani. Amma wa zai ɗauki 'ya'yansa yau ya kai su hutu wasu ƙauyukan Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari? Dajin Rugu da Kamuku, har Sambisa da asalinsa gandun namun daji ne, sun zama sunayen da ake ji a labaran garkuwa da kashe-kashe. Yaron da aka haifa cikin shekarun nan, in ya ji an ce daji, bindiga ce ke faɗo masa a rai. Su kansu itatuwan suna ƙarewa. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje kan gawayi, kuma kirya da marke da kaɗanya ake ƙonawa a yi shi. Maɗobiya an yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin daga Taraba da maƙwabtanta har sai da yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi ta sa mata takunkumin ciniki daga 2017. Saboda haka lambun birni ya tashi daga abin ƙawa, ya zama ma'ajiyar iri, kuma ga yara da yawa shi ne kaɗai inda za su ga waɗannan itatuwa a raye cikin kwanciyar hankali.

Irin wannan lambu ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma, sai dai ba don mu aka yi na farkon ba. Turawan Ingila sun buɗe na Aburi a ƙasar Gana a 1890, Jamusawa suka kafa na Limbe a Kamaru a 1892, duka a kusa da teku, kuma manufarsu gwajin koko da roba da sauran abin da za a loda a jirgi. Babban lambun Kew da ke Landan, wanda ya faro tun 1759, shi ne cibiyar da ake aika wa samfurin tsirrai daga ƙasashen da Ingila ta mallaka. Mu a Arewa abin da ya fi shigo mana daga wannan zamani shi ne darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, aka fara dasa ta a Borno wajen ƙarshen shekarun 1920. Darbejiya ta yi mana rana, babu mai musun haka. Ba ta jin fari, akuya ba ta cika damunta ba, ita ce inuwar makarantu da tituna daga Maiduguri har Sakkwato. Amma ta mamaye idonmu har ta kai in an ce a dasa bishiya, ita ko bishiyar turare kawai ake kawowa. Lambun da nake roƙo ya zama na itatuwan ƙasarmu ne tukuna. Akwai misali a Afirka ta Kudu, lambun Kirstenbosch da aka kafa a 1913 don tsirran ƙasar kawai, kuma shi ne ya zama abin alfaharinsu. Abin kunya ne a ce tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya zauna da kakanninmu ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga littafi, mu kuma bayan shekara fiye da ɗari ba mu da wurin da yaro zai je ya ga sunan a jikin bishiyar.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Mutane na fama da abin da za su ci, asibitoci babu magani, wa yake ta lambu? Amsata ita ce talaka ya fi kowa buƙatarsa. Mai hali yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareto da sola, yana da fili a gidansa, in ya so ya kai iyalinsa Abuja ko Dubai. Mai ɗaki ɗaya a lungu, rufin kwano, babu wuta, shi ne ke dafuwa a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan mun ɗanɗana namu rabon. Duk wanda ya taɓa fitowa daga kan kwalta ya shiga ƙarƙashin manyan itatuwa ya san bambancin a jikinsa. Maganar ruwa kuwa, nan ne hikimar dasa namu take. Ciyawar Turawa da furannin waje su ne ke shan ruwa kullum. Aduwa da magarya da gawo da kuka, in an raine su shekarun farko aka kare su daga awaki, sun gama neman taimakon kowa.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi a wurin iyaye, kuma ina tare da su a kansa. Sau da yawa wurin shaƙatawa a garuruwanmu yakan rikiɗe ya zama matattarar shaye-shaye da abin da mutum ba zai so 'yarsa ta gani ba, daga nan mutanen kirki su ƙaurace, wurin ya ƙara lalacewa. Wannan matsalar gudanarwa ce, kuma tana da magani. A buɗe da safe a rufe da magariba. A hana kiɗa da lasifika. A sa masu gadi da ke yawo a ciki, mata da maza. A yi masallaci da wurin alwala da banɗaki mai tsabta, domin rashin banɗaki kaɗai ya isa ya hana mace mai goyo da tsohuwa zuwa. A ware wasu ranaku na mata da yara zalla, yadda matan da ba sa shiga cakuɗa za su sake su shimfiɗa tabarma. A bar mutane su shigo da abincinsu daga gida. Wurin da iyalai suka cika, ɗan shaye-shaye da kansa yake guje masa.

Kuɗin shiga ma sai an yi tunani. In aka sa tikiti mai tsada a kan kowane kai, an koma gidan jiya, sai Sallah. A yi katin iyali na shekara, a biya sau ɗaya a riƙa shiga duk lokacin da aka so, 'yan makarantar gwamnati da almajirai tare da malamansu kuma su shiga kyauta a ranakun karatu.

Babban abokin gabar lambu dai shi ne mai neman fili. Duk wanda ya zauna a Kano ya ga yadda kududdufai da filayen makarantu da gefen badala suka koma shaguna. A Yamai an fara dasa wani babban zoben itatuwa kewaye da birnin tun 1965 don tare iska da rairayi, yau gine-gine sun cinye wani sashe mai yawa nasa. Ita bishiya ba ta sauri. Ɗorawar da aka dasa bana sai ta yi shekaru kafin ta ba da kalwa, rimi da kuka kuwa jikoki ake dasa wa. Gwamna yana da shekara huɗu, yana son abin da zai yanke wa kyalle kafin zaɓe. Shi ya sa kowace damina ake bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto da babbar riga da butar ban ruwa, kafin bazara dashen ya bushe ko akuya ta cinye, baɗi a sake. Lambu ba zai rayu a hannun ofis ɗin da ake canza shugabansa da kowace gwamnati ba. Sai majalisar jiha ta yi masa doka ta kansa, da iyaka a rubuce, da kwamitin amintattu da ya haɗa masarauta da jami'a da mutanen unguwa, yadda ba wanda zai wayi gari ya yanka shi da sa hannu ɗaya.

A nan nake ganin masu hannu da shuni suna da rawar da ba su fara takawa ba. Attajiranmu suna gina masallatai, wani lokaci biyu a layi ɗaya, suna haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah Ya saka musu. Amma wakafi bai tsaya nan ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Fili mai faɗi a gefen gari, a katange shi, a yi wakafinsa a gaban alƙali da shaidu, a haɗa shi da wasu shaguna da kuɗin hayarsu zai riƙa biyan ma'aikata. Filin wakafi yana da kwarjinin da filin gwamnati ba shi da shi, mutane suna tsoron taɓa shi. Ina so in ji malamanmu sun fara faɗin wannan a kan mumbari kamar yadda suke kwaɗaitarwa a kan gina masallaci.

Ba sai an jira sabon dashe ya girma ba kafin a fara. Akwai wuraren da manyan itatuwa suke tsaye yanzu haka. Jami'ar Ahmadu Bello tana da lambun tsirrai a Samaru don ɗalibanta, ana iya tsara ranakun da iyalai daga Zariya za su riƙa shiga da ɗalibi mai yi musu jagora. Gidan Zoo na Kano da lambun Gamji na bakin kogin Kaduna suna da inuwa tun tuni, abin da ya rage a bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya a sa musu alluna, a cike gurbin waɗanda babu da irin namu. Tsofaffin gandayen ma'aikatar daji da gari ya cim musu su ma a duba su kafin a raba su fuloti.

Allunan nan a rubuta su da Hausa, boko da ajami, sannan sunan kimiyya a ƙasa don ɗalibai. A faɗi watan da bishiyar ke fure da watan da take nuna, don mai karantawa ya san lokacin da zai dawo. Kada kuma a bar wa malaman jami'a aikin su kaɗai. A kira mafarauta da masu maganin gargajiya da ungozomomi da masassaƙa da Fulani makiyaya, a zagaya da su, a rubuta abin da suka faɗa, a naɗi muryarsu. Inda sunan ya bambanta tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram a sa duka. Yawancin masu wannan sani sun haura sittin, saboda haka wannan ɓangaren aikin shi ya kamata a fara da shi, tun kafin a sayi bulon katanga.